Baba Munkaila Da Akwati Na Uku

A Dogon Dutsi in ka ce kana neman gidan Malam Munkaila, za a tambaye ka wanne daga ciki. In kuwa ka ce Munkaila Mai Rediyo, ko mai kabu-kabun da ya shigo garin jiya zai sauke ka a ƙofar zaurenmu. Ni 'yarsa ce, Basira, autar ɗakinmu, ina koyarwa a makarantar firamare. Aurena ya mutu shekara huɗu da suka wuce, na kwaso kayana na dawo gabansa. Tun rasuwar Innarmu Sa'adatu ni ke tuƙa masa tuwo, ni ke kuma yi masa faɗa. Mutane suna cewa bakina ya yi yawa, ban kuwa musa ba. Baba ya kwashe shirun gidan nan duka, dole a samu wanda zai ɗauki surutun.

A Kiyeshe aka haife shi, gidan manoman gero. Yana saurayi ya tafi cin rani Argungu, ya faɗa hannun wani Bayarabe mai gyaran rediyo. Ya je da niyyar wata uku, ya yi shekara biyar. Da ya dawo bai koma gona ba, ya sauka a Dutsi da akwatin sukudireba da ɗan ƙarfen like waya, ya buɗe aiki a zauren da har yau yake zama. A zamaninsa babu rediyon da ya yi tari tsakanin Ɗan Kassari da Gesheme bai zo hannunsa ba. Ana ɗauro su a amalanken jaki, a naɗe cikin zane kamar masu jinya.

Yana da doka guda wadda ta sa aka san shi, ta kuma sa aka sha zaginsa a bayan ido. Rediyon da ya gyara ba ya barin zauren sai ya kwana uku a kan kanta yana magana. Ko kai ne mai gari, sai ka jira. Lokacin kokowar ƙasa, sa'ad da kowa ke son jin wa ya ka da wa, mutane har roƙonsa suke yi. Shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi, sai ya ce:

"Ban ba mutum abin da za shi mutu mishi tsakiyar labaru. Kwana ukku na."

Da wayar salula ta zo, sana'ar ta bi ruwa. Rediyon yanzu in ya lalace a bola yake kwana, ba wanda ke kai shi gyara. Baba bai rufe zauren ba. Kullum bayan ya karya kumallo zai share kanta, ya jera tsofaffin rediyoyin da masu su suka rasu ko suka manta, ya zauna yana buɗe ɗaya yana rufewa.

Yayanmu Abdulmajid shi ne ɗan farinsa. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi ga mutanen da. Uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya yi masa magana kai tsaye, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Kunya ake ce mata. Yanzu da yawa sun sassauta, wasu ma sun yar da ita gaba ɗaya. Baba ya riƙe tasa da hannu biyu. Ana yaye Yaya aka kai shi wajen kakarmu a Kiyeshe, can ya girma, shi ya sa in ta kama dole Baba ya ambace shi sai ya ce "Na Kiyeshe". Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Abdulmajid a bakinsa ba. Ko wani baƙo ne mai sunan ya kawo gyara, "Malam" yake zama har ya tafi.

Ranar da Yaya zai tafi Abijan neman abinci, ina da shekara goma sha huɗu. Ya zo ya durƙusa a bakin zaure, ya ce ya zo sallama. Baba yana leƙen cikin wani rediyo kamar an ce masa zinariya ce a ciki. Ya kira ni.

"Ki ce mishi shi riƙe salla. Shi kiyayi kayan mutane."

Na juya na maimaita wa Yaya, alhali tsakaninsu bai fi taku uku ba. Yaya ya ce in ce ya ji, ya gode. Sai Baba ya jawo wani ɗan rediyo baƙi daga ƙarƙashin kanta, ya miƙo mini, ni kuma na miƙa masa. Ashe kwana uku ke nan yana gwada shi. Haka aka yi sallamar, haka kuma aka ci gaba shekara goma sha tara: ki ce mishi, ki ce mishi. In Yaya ya aiko saƙon murya, wanda muke ce wa vokal, sai in je kusa da zaure in kunna shi da ƙarfi, ina yi kamar ni nake saurare. Baba kuma sai ya rage muryar rediyonsa, yana yi kamar batir ne ya yi sanyi.

Bara, ana cikin shuka, abokin zaman Yaya mai suna Usaini ya kira ni. Ɗan Tibiri ne, tare suke sayar da agogo da tabarau. Ya ce ƙodar Yaya ta daina aiki, sau biyu a mako ake kai shi wankin jini, ba kuma zai iya doguwar hanyar gida ba. Ya ce likita bai ɓoye musu komai ba. Da aka ba ni Yaya, muryarsa kamar daga cikin rijiya. Bai roƙi magani ba, bai roƙi addu'ar malamai ba. Ya ce:

"Basira, so nika in ga Baba. Ba hoto ba. In gan shi shina motsi, shi yi mini magana da bakinshi, ko kalma guda ta."

Abin da ke gabanmu ke nan, kuma kowa ya san lokaci ba namu ba ne.

To amma gidanmu yana gindin dutse, a wani kwari da rezo, wato netwok ɗin waya, ba ya son shiga. In kana son aika vokal sai ka hau turmi kusa da garken awaki, ka ɗaga hannu sama kamar mai kiran ruwa. Kiran da ake ganin fuska kuwa sai an fita bakin gudron, wato titin kwalta, wajen tasha, ƙarƙashin dogon yaron da masu shayi suke. Ka ce Munkaila Mai Rediyo ya je can, gaban 'yan kamasho da masu talla, ya riƙe waya yana magana da ɗan farinsa? Ai gara ka ce ya yi rawa a kasuwa.

Na dai faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ba. Ya ɗauki buta ya fita, ko lokacin salla bai yi ba. Bayan kwana biyu ina shara ya kira ni, idonsa a kan kanta.

"An ce akwai wani akwati da ka jawo rezo cikin gida."

"Akwai, Baba. Akwatin wifi."

"Shina kai har zaure?"

Na gane ya yarda, amma da sharaɗinsa: a zaurensa, ƙofa a rufe, ba idon kowa. Na ce wannan mai sauƙi ne. Da na san abin da ke gaba da ban yi saurin murna ba.

Muka tafi shagon Sadiƙ a bakin kasuwa. Sadiƙ ɗan kasuwa ne mai kirki, gemu har ƙirji, wando iya ƙauri, bakinsa rabi Faransanci rabi wa'azi. Mahaifinsa ya daɗe yana kawo wa Baba gyara, don haka ya tashi ya ba shi kujera, ya jero masa abin da yake da shi. Baba ya ɗauki kowanne ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, har sansanawa ya yi. Sai na ga ya zaro sukudireba daga aljihu.

"A'a Baba, don Allah! In ka buɗe, garanti ta tashi," in ji Sadiƙ.

"To ƙaƙa mutum za shi sayi abin da bai ga cikinshi ba?"

Sadiƙ ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce duka ana sa musu sim ne kamar waya, su kamo rezo daga waje su raba wa wayoyin cikin gida. Abin dubawa shi ne ƙarfin kamu, da nisan da yake kaiwa, da ko yana da batir don in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da ko yana karɓar sim na kowane kamfani. Ya nuna wani ɗan ƙarami mai kama da sabulun wanka, ya ce shi mutane suka fi saye, yana da batir, ana ma sa shi a aljihu. Baba ya dube shi a wulaƙance, ya ce abin da ba shi da ƙaho ta ina zai kama. Ƙaho yake ce wa eriya. Na matsa masa, Sadiƙ ma ya ce mu je mu gwada, in bai yi ba a dawo da shi. Muka ɗauka.

Na rataye shi a ƙusa saman ƙofar ɗakina, na kira Yaya. Fuskarsa ta fito, ta kumbura har na kusa kasa gane shi, sai ta daskare, baki a buɗe. Murya ta zo, ta tafi, ta dawo da rabin kalma. Duk da haka ana ji. Na ce wa Baba ga shi nan, bismilla. Ya ce kwana uku.

A kwana ukun nan kullum bayan la'asar nakan kira, shi kuma ya tsaya bayan katangar da ta raba zaure da tsakar gida, yana ƙirga sau nawa muryar ta tsinke. Ina ganin yatsun ƙafarsa ta ƙarƙashin labulen buhu. Yaya yakan ce, "Baba na kusa?" Ni kuma in ce ya fita masallaci. Allah ya yafe mini ƙaryar nan, na yi ta ya fi sau goma. Ran na uku Baba ya ce sau bakwai ta tsinke a kira guda, a mayar.

Da muka koma ne Sadiƙ ya yi abin da ya ɓata mana kwana biyar. Ya riga ya ji labarin, don a Dutsi ba a ɓoye ciwo. Ya gyara murya ya ce:

"Baba, ka yi haƙuri in hwaɗi gaskiya. Wagga kunya ta ɗan hwari ba ta cikin addini, al'ada ta kawai. Ɗa na da hakki bisa ubanshi. Wallahi ko da waya ta hannu, ka je bakin gudron yau ka kira shi, se fini, shi ke nan."

Shagon cike da mutane. Baba ya ajiye akwatin a hankali, ya gyara hularsa, ya ce Allah shi ba da kasuwa, ya fita. Na tsaya na wanke Sadiƙ tas. Na ce gaskiya ka faɗa, amma ko magani ba a ɗura wa dattijo a tsakiyar kasuwa. Shi ma ya san ya yi ɓaranɓarama. Ran na shida da kansa ya zo gida a kan babur, ya cire takalmi a bakin zaure, ya ba da haƙuri, ya ajiye akwati na biyu.

Wannan fari ne, babba, da ƙaho biyu. Baba ya ɗan saki fuska da ya gan su. Muka ɗora shi a tagar ɗakina, ya kama da kyau. A tsakar gida hoto tar, har ina ganin fankar da ke juyawa bisa kan Yaya. Amma katangun gidanmu na laka ne, irin ginin da, kaurinsu kamu ɗaya. Kafin abin ya ratsa biyu ya kai zaure ya galabaita. Muka mayar da shi zauren, can kuma ba ya kamo na waje, dutse ya tare. Ga shi ba batir. Rana ta biyu muna cikin magana, Yaya yana ba ni labarin ɗan baƙin rediyon nan, wai har yanzu yana aiki, aka ɗauke kuran. Fitilun akwatin suka mutu, fuskarsa ta ɓace. Daga bayan katanga na ji Baba ya yi tsaki.

Na ce ya fito tsakar gida, ni zan bar gidan, in kulle ƙofa ta waje, ko akuya ba za ta gan shi ba. Ya ce in kuran ya tafi fa? Na ce sai a sake kira. Ya ce a'a.

A nan ne haƙurina ya ƙare. Na ɗauki wayar, Yaya yana kan layi, na nufi zaure da ita. Baba yana ganina ya miƙe ya ɗauki butarsa. Na kashe kiran, na tare ƙofa, na faɗa masa maganar da har in mutu ba zan daina jin ɗacinta ba.

"Baba, kai ba akwati kaka zaɓe ba, gudun ɗanka kaka yi! Rediyo ka saba da shi, shi yi ta magana kai kana ji, ba ka maida mishi. Abdulmajid ba rediyo ba na. Abdulmajid mutuwa za shi yi!"

Sau biyu na faɗi sunan, da gangan, a fuskarsa. Ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na ɗauka zai mare ni, da ma ya mara da na fi samun sauƙi. Sai ya ce in ba shi hanya, na ba shi.

Washegari shi kaɗai ya tafi wajen Sadiƙ. Suka daɗe, har da zane a bayan kwali. Abin da suka tsayar shi ne akwati mai ƙaho huɗu, wanda ke da wani faifai da ake kafawa a kan dogon ƙarfe a waje ya fuskanci inda rezo ke fitowa, a jawo waya daga can zuwa cikin ɗaki. Yana kuma iya aiki da batirin hasken rana. Babu shi a Dutsi, babu a Doso, sai an aiko daga Yamai. Sadiƙ ya ce kwana huɗu. Ya yi tara.

A kwana taran nan ban taɓa ganin Baba yana aiki haka ba tun ina yarinya. Ya samo bututun ƙarfe biyu wajen masu walda ya sa aka haɗa. Ya haƙa rami da kansa a gindin zaure, mutum mai shekara saba'in da ɗaya, ya hana kowa taɓa masa. Ya ciro tsohon batirin da muke kunna fitila da shi, ya wanke kawunansa, ya ja waya a bango, ya bi ta da ƙananan ƙusoshi a jere kamar ɗinkin hula. Ni ina kallonsa ina ƙuna. Vokal ɗin Yaya kuwa kullum raguwa suke. Da yakan yi minti uku yana tsokanata, ya koma minti ɗaya, ya koma sallama da "ina gaida mutanen gida".

Ranar Talata da hantsi akwatin ya iso. Sadiƙ ya hau tsani ya ɗaura faifan, Baba yana ƙasa yana cewa juya gabas kaɗan, ƙara, tsaya nan. Fitilu suka kama, kore shar, duka a cike. Baba ya karɓi wayata, abin da bai taɓa yi ba, ya zaga da ita kowane lungu na zauren yana kallon 'yan sandunan rezo. Ya rufe ƙofa ya duba. Ya sa aka cire wayar kuran, akwatin bai ko ƙifta ba. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

Na ce, "To Baba, in kira?"

Ya ce, "Kwana ukku."

Ban yi ihu ba a wannan karon, ƙarfin ya ƙare. Na durƙusa a gabansa, a inda Yaya ya durƙusa ranar tafiyarsa, na fashe da kuka. Na ce ya dubi girman Allah. Ya daɗe yana kallon fitilun nan. Can ya ce:

"Shi kwana guda dai, in ga ko batir na kai sahe. Gobe bayan la'asar. Ki ce mishi."

A iya sanina wannan ne karo na farko da Munkaila Mai Rediyo ya karya dokarsa saboda wani ɗan Adam. Na aika wa Yaya vokal nan take. Amsarsa ta zo kafin magariba, har da 'yar dariya a ciki: "Ki ce mishi ina jira. Shekara arba'in da ɗaya na jira, kwana guda ba komi ba na."

Batir ya kai safe. Da sassafe Baba ya aika aka kira wanzami, aka yi masa aski aka gyara gemu. Ya sa na ciro masa babbar rigarsa ta Salla, shuɗiyar shadda, daga ƙasan adaka. Tun kafin azahar ya saka ta. Da na kai masa fura, ƙamshi ya tare ni tun daga labule.

"Baba, turare kuma? Ai ba a jin ƙamshi ta waya."

"Ke dai aje hura ki ba ni wuri."

Na fita ina dariya, rabona da dariya tun shuka. Ya goge kujerarsa, ya jingina wani mataccen rediyo a kan kanta inda za a tsayar da wayar, ya ja kujerar gaba, ya mayar da ita baya.

Ana kiran azahar wayata ta yi ƙara a tsakar gida. Lambar Yaya ce, kiran ganin fuska. Na ɗauka da sauri ina cewa kai ma ka cika gaggawa, ba a yi la'asar ba. Fuskar Usaini ce ta fito. Hoton tar, har ina ganin jijiyoyin idonsa. Ya yi sallama, ya ce Basira sai haƙuri, Abdulmajid ya cika ɗazu da hantsi, a hannunsa, da kalmar shahada. Kowace kalma ta iso daram. Ko sau ɗaya muryar ba ta tsinke ba.

Da na ɗago, Baba yana tsaye a bakin labule cikin shuɗiyar rigarsa. Ya ji duka. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, ya juya ya koma ciki. A can Abijan aka binne Yaya a ranar.

Aka yi zaman makoki a ƙofar gida. Mutanen Kiyeshe suka zo, na Tibiri suka zo, Sadiƙ ya kawo tabarmi da rumfa, yana ta share ido da hannun riga. Baba ya zauna yana karɓar gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu, don ko a mutuwa kunyar ba ta sakin mutum. A ce ya haƙuri, ya ce da godiya. Tsofaffi suna yaba masa, wai namijin duniya. Ni kuwa kwana bakwai ban haɗa ido da shi ba. In ajiye masa tuwo, in dawo in ɗauke shi yadda na ajiye. Na tsane shi a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Na tsani kaina ma, don da na bi shi da wayar har bakin rijiya ranar da ya ɗauki buta, da ko tarinsa Yaya ya ji.

Ran na takwas da safe, an naɗe tabarmi, ya kira ni zaure. Akwatin yana nan a kan kanta tsakanin rediyoyi, fitilunsa a kunne. Ya ce in zauna.

"Kin ce gudu nika yi. Akwai gudun, ban musu ba." Ya shafa gwiwarsa. "Amma sunan nan sau guda na taɓa hwaɗinshi, ran da na yi mishi huɗuba cikin kunne. Ni na zaɓa mishi shi. Na san in na buɗe baki abin ga ya tsinke tsakiya, ban da ƙarhin da zan sake hwarawa. Shi ya sa nis so wanda ba ya tsinkewa."

Da na sani ƙeya ce, ga ta kuwa ta zauna mana mu biyu.

Sai ya nuna wayar hannuna da haɓa. "Wanga vokal da kuka yi, ina aka dannawa?"

Na ce, "Baba, wayar tashi tana kashe. Usaini ya sa ta cikin kaya."

"Na sani. Ban haukace ba, na san ba shi ji. Gwada mini dai."

Na buɗo sunan Yaya, hotonsa na nan a sama, yana dariya da tabarau a goshi. Na nuna masa inda zai danna ya ja sama don kada yatsa ya gaji. Na jingina wayar a jikin mataccen rediyon da ya tanada, na fita na ja ƙofa. Ban yi nisa ba. Na tsaya bayan katanga, daidai inda yakan tsaya.

Har na ɗauka ya fasa. Sai na ji ya gyara murya, ya yi sallama cikakkiya kamar mai shiga gidan surukai. Ya jira kaɗan, kamar za a amsa. Sannan ya ce:

"Abdulmajid. Ni na, babanka."

Ashe ya iya faɗinsa sarai. Ban tsaya jin sauran ba, ba nawa ba ne. Na tafi garken awaki na zauna a kan turmi, na cusa gyale a baki.

Da ya kira ni, idonsa a bushe, amma gaban rigarsa a jiƙe. Mutumin da aka roƙa kalma guda, minti goma sha ɗaya ya yi. Ya miƙo wayar ya ce in duba ko ya tafi. Ƙarƙashin saƙon akwai 'yar alama guda, toka-toka. Ya tambayi ma'anarta. Na ce in guda ce, saƙon ya fita daga nan. In ta zama biyu, ya isa can.

Ya matso da wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana kallon alamar. Ya dubi fitilun akwatin, duka kore.

"Amma bai tsinke ba ko?"

Na ce, "Bai tsinke ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge ƙahonin akwatin ɗaya bayan ɗaya.